Filin da Soja ya Tashi ya Bari: Yadda Ake Tsabtace Ƙasa da Ruwan Rijiya a Dallol Mawri

Wanda ya taɓa ginar rijiya a fadamar Koren Mairuwa ko ta Dumega ya san ba a daɗewa ake cin ma danshi. A wurare da yawa na Dallol Mawri, wannan tsohon kwarin da ya biyo ta Matankari da Dogondutsi, ya ratsa ƙasar Tibiri ya nufi Gaya, mita kaɗan ne tsakanin tafin ƙafar mutum da ruwa, kuma galibi rairayi ne a tsakani. Albarkar da ta raya noman rani ke nan, har dankalin turawan Dutsi ya yi suna a kasuwannin Yamai. Sai dai rairayi ba ya riƙe abin da aka zuba masa. Abin da ya ɓare a sama bana, damina biyu ko uku sun isa su kai shi cikin guga.

Shekarun nan mun ga sansanoni na kafuwa suna tashi. Sojojin Faransa sun kammala ficewa daga Nijar a watan Disamba na 2023, na Amurka suka miƙa sansanin Agadas a watan Agusta na 2024. Bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem ya ratsa jihar Dosso kafin ya shiga Benin, tare da masu gadinsa, ga kuma ƙananan sansanonin tsaron iyaka da ake kafawa wani lokaci a kan gonar wani. Ran da aka tashi, fili ya koma hannun mai shi, shi kuwa abin da ya sani shi ne shuka. Ba laifin soja nake nema ba. Duk inda aka tara motoci da injin wuta da gangunan mai, an bar baya da ƙura, ko da soja ne, ko kamfanin hanya, ko garejin bakin kasuwa, ko mai sayar da isansi a bidon. Wannan jagora ta kowane irin fili ce daga cikinsu.

Ƙarfe tukuna, sannan ƙasa

Kafin kowa ya sa galma, a tabbata babu abin fashewa. Harsashi da gurneti da kan roka da bai tashi ba suna iya kwana shekaru cikin rairayi da ransu, tsatsa kuwa ƙara musu saurin fushi take yi. Wanda ya ga baƙon ƙarfe kada ya taɓa, kada ya jefe shi, kada ya hura wuta kusa. Ya koma ta sawun da ya zo, ya sa alama daga nesa, ya sanar da maigari da jandarma. Kwance irin waɗannan aikin sojojin da suka ƙware ne, kuma a Nijar akwai hukumar CNCCAI mai kula da tattara makaman da ba sa bisa ƙa'ida da sha'anin nakiyoyi. Masu buƙatar gargaɗi na farko su ne yara makiyaya da masu tsintar ƙarfe don sayarwa, domin su ne ke riga kowa shiga.

A ranar kuma, duk rijiyar da ke cikin filin ko daf da shi a ɗaure mata baki: ba sha, ba girki, ba shayar da dabbobi, har sai awo ya wanke ta. Hana mutane rijiya ba tare da an nuna musu wata ba maganar banza ce, don haka a shirya inda za a ɗebo ruwa tun kafin a yi shela. A kuma faɗa wa mata gaskiya: tafasa ruwa da saka masa ƙwayar kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta ne kawai. Dalma ba ta jin wuta. Tafasawa ma ƙara tattara ta take yi cikin ɗan ruwan da ya rage.

A tambayi waɗanda suka zauna wurin

Da tsohuwar zuma ake magani. Mai gadin da ya kwana a ƙofa, da ga-ruwa, da mai wanki, da makanikin da ake kira gyara, da matar da ke kawo abinci, sun fi kowace na'ura sanin inda aka aje me. A zaunar da su a inuwa, a zana filin a ƙasa, sannan a mayar a takarda. Ina tankin gazuwal? Ina ake juye baƙin mai? Ina ake wanke motoci, ruwan kuma ina yake bi? Ina ramin ƙona shara, ina masai, ina tudun da ake koyon harbi? Tsofaffin hotunan sama na Google Earth suna taimakawa wajen tabbatar da abin da aka ji.

Amfanin wannan zama shi ne kowane lungu da irin dafinsa, kowane dafi da irin halinsa. Isansi da gazuwal sun fi ruwa sauƙi, sai su sauka su kwanta a kan fuskar ruwan ƙasa, suna hawa da shi da damina, suna sauka da rani, suna shafe rairayi a duk inda suka bi. A cikin isansi akwai sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar mikrogiram 10 a lita, wato giram ɗaya tak ya isa ya kai lita 100,000, tano 500 ke nan, bakin iyaka. Ruwan wanke ƙarfe da makamai, irin su TCE, sun fi ruwa nauyi, su kan nutse har ƙasan ruwan, inda ba a ganinsu. Dalmar harsashi da ta batir ba ta cika tafiya ba, tana zaune a saman ƙasa, iska na ɗaukar ƙurarta, yaro mai rarrafe yana kai ta baki. Masai na ba da ƙwayoyin cuta da naitiret. Inda jirage suka sauka kuwa akwai kumfar kashe gobara mai ɗauke da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa.

Kada a ɗauka babbar ƙasa ta fi ƙarfin wannan. A sansanin Lejeune na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, daga 1953 zuwa 1987 sojoji da iyalansu sun sha ruwa mai TCE da benzin, ruwan kuwa garau yake a kofi.

Ina ruwan ya dosa?

Ruwan ƙasa yana tafiya, sannu a hankali, daga inda fuskarsa ta fi tudu zuwa inda ta fi gangare. A dallol dai gaba ɗaya kudu ya nufa, amma injinan ban ruwa na garake suna iya janye shi gefe. Ana iya gano alkiblarsa da kayan da ke hannun kowane magini. A zaɓi rijiyoyi uku da suka kewaye filin kamar duwatsun murhu. Da tiyon nan mai haske da magina ke daidaita gini, a gano bambancin tsayin bakunansu, ana ƙaura da shi zango-zango. Sannan da asuba, kafin kowa ya ja guga, a zura igiya mai awo a ga zurfin ruwa a kowace. Idan an haɗa lissafin biyu za a san wace rijiya ce fuskar ruwanta ta fi ƙasa. Can dafin ya dosa, kuma mutanen can ne za a fara auna wa ruwa, ko da sun fi kowa nisa da sansanin.

Akwai gwajin ido da ke rage ruɗu. Ruwan yankinmu kan zo da ƙarfe, shi ma yakan yi wani ƙyalli a sama kamar mai. A taɓa shi da tsinke: in ya farfashe kamar fasasshen madubi bai koma ba, na ƙarfe ne, in ya lanƙwashe ya sake haɗewa, mai ne. Ƙasa kuma a zuba ta a kwalba da ruwa, a girgiza, a bari ta kwanta, a duba sama a shinshina. Wannan yana nuna inda abin ya yi yawa ne kawai. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma yana iya ɗaukar dafi bai yi tsami ba, shi ya sa hukunci na ɗakin awo ne.

Tun kafin a ɗebi komai a tuntuɓi ma'aikatan ruwa na Dosso, da ɗakin awo na LANSPEX ko masana ruwan ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Su za su faɗi awon da suke yi, da wanda sai an aika waje, da irin kwalbar da suke so. Na mai dai kwalbar gilashi ce, a cika ta maƙil ba ko kumfar iska, domin benzin gudu yake yi. A sa cikin akwatin ƙanƙara, a rubuta wuri da zurfi da rana, a kama hanya. Kilomita kusan 270 ne daga Dogondutsi zuwa Yamai, kwalba ba ta da dalilin kwana biyu a kanti. Rijiyar da ta daɗe ba a ja ba a fara kwarfe tsohon ruwanta. Ƙasa kuwa, ta dalma daga saman santimita 5 ake ɗiba, ta mai ana sauka rabin mita rabin mita har wari ya ƙare. Kada a manta da ɗibar ƙasa da ruwa daga wuri mai tsabta a gefen da ruwa ke fitowa, don a samu abin kwatanci.

Cire tushen

Duk wani magani ɓata kuɗi ne muddin tanki na ɗiga a ƙarƙashi. A zuƙe abin da ya rage, a tono tankuna da bututansu, a kwashe ganguna da batura. Tankin isansi da ya zama fanko ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ke ciki; mai walda kada ya kusance shi sai an wanke an cika shi da ruwa. Gangunan da suka ɗauki mai ko magani a huda gindinsu. Na sha ganin irinsu a tsakar gida cike da ruwan sha, an ce ai an wanke da omo. Wankin omo ba ya fitar da abin da ya shiga jikin roba.

Noman ƙasa mai mai

Nan ne Arewa ke da abin da ƙasashen sanyi ke nema da kuɗi: zafi da taki. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu masu cin isansi da gazuwal su mai da su iska da ruwa. Abin da suke so shi ne iska, da danshi, da abinci. Aikin duka bai wuce a yi musu gona ba.

Wurin gonar shi ne abu na farko, kuma nan aka fi kuskure. Ba a yin ta cikin fadama. A hau tudu, a nemi fako mai marmara, nesa da rijiya da tafki da hanyar ruwan sama. A daddaɓe yumɓu, a shimfiɗa leda mai kauri wadda ba ta huje ba, a zuba mata ɗan rairayi mai tsabta don kada garma ta yage ta. A kewaye da kunya mai tsayi, a bar ɗan gangare zuwa rami guda shi ma mai leda, inda ruwan da ya tsatso zai taru a sake yayyafa shi a kan gonar. A yi shinge na ƙaya, domin awaki ba su san iyaka ba.

Sai a kawo ƙasar a baza, kaurinta kada ya wuce santimita 30, iyakar inda garma ke kaiwa. A yi lissafi tun da wuri. Ramin da aka tona mai tsawon mita 20, faɗin 10, zurfin 1, ya ba da ƙasa kubik mita 200. Baza ta a wannan kauri na cin fili kusan mita 670 na shimfiɗa, in an ƙara taki da kumburin da ƙasa ke yi bayan tono, a tanadi 1,000. A gauraya kashi ɗaya na takin shanu ko na tumaki, haɗe da ƙaiƙayi da sassaren karan gero, cikin kashi uku ko huɗu na ƙasa. Taki abinci ne, ƙaiƙayi kuma shi ke buɗe wa iska hanya. Inda mai ya jiƙa ƙasa sharkaf har tana naso a hannu, halittun ma mutuwa suke yi, sai a sirka ta da wadda ba ta kai ta ɓaci ba.

Danshin da ake so shi ne wanda in ka dunƙula ƙasar a hannu za ta tsaya, in ka matse ba ta ɗiga. A kifa ta da garmar shanu ko galma duk mako ɗaya ko biyu. A nawa ganin, farkon Oktoba ya fi dacewa da fara aiki: ruwan sama ya ja baya, ƙasa na da sauran laima, tafkuna ba su ƙafe ba, hannaye kuma sun kusa saki daga girbi. Da hunturu a riƙa jiƙa sama don kada iska ta ɗebi ƙura ta kai gari. Da damina a rufe da leda in hadari ya haɗu. Isansi kan tafi cikin makonni, gazuwal na cin watanni shida zuwa shekara biyu. Baƙin mai shi ne mai taurin kai, ga shi da ƙarafa a ciki, don haka ƙasarsa a ware ta dabam.

Idan wari ya ɗauke, launi ya sauya, a shuka wake ashirin a wannan ƙasa, ashirin a ƙasa mai kyau, a ga bambancin tsiro. In sun yi kunnen doki, alama ce mai daɗi, sai a sake aikawa awo. Ko ta ci jarrabawa, ni dai ba zan ba da shawarar mai da ita garkar salati ba. A yi cikon hanya da ita ko a dasa itatuwa.

Masu aikin su sa takalman roba da safar hannu da abin rufe hanci, su bar tufafin aiki a wurin, su yi wanka kafin su ɗauki ƴaƴansu. Ba cin abinci a kan gona, ba yara, ba mai ciki.

Dalma ba ta ruɓewa

Kowane irin taki aka zuba, dalma tana nan. Darasinta a kusa da mu yake. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake dakawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun fahimci cewa ba amfani a yi wa yaro magani ya koma rarrafe a tsakar gidan da ta sa masa ciwon, sai da aka fara gyara ƙasa. Abin da aka yi a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, sannan Bagega a 2013, galibinsa ba ya buƙatar manyan injina: na'urar hannu mai auna dalma nan take, da hauya, da shebur, da buhuna. An kankare saman ƙasa, an kai ramin da aka keɓe an binne, an shimfiɗa ƙasa mai tsabta, kuma mutanen garuruwan ne suka yi aikin bayan an koya musu.

Haka za a yi wa tudun harbi da wurin da aka fasa batura. A jiƙa, a tankaɗe da rariyar ƙarfe a fitar da harsasai, a kankare, a sake aunawa, a ci gaba har lamba ta faɗo. Ramin binnewa a kan tudu, da leda ƙasa da sama, da yumɓu a rufe, da siminti mai rubutu, kuma a shigar da wurin cikin rajistar kwamitin filaye don kada jikan wani ya gina gida a kai. Tokar ramin ƙona shara ita ma nan za ta.

Ruwa sai haƙuri

Ƙasa ana iya ɗauke ta a amalanke, ruwan ƙasa kuwa ba a ɗauke shi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya samu benzin fiye da ninki 900 na iyaka a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ya kuma ce gyara na iya cin shekara 25 zuwa 30. Ƙaramin sansani bai kai can ba, amma duk wanda ya ce zai wanke ruwan ƙasa cikin wata uku a riƙe kuɗin tukuna.

Inda mai ke yawo a kan ruwa, a fara yaɗe shi ta ƴan rijiyoyin da aka haƙa don haka, a tara a ganga. Sannan, in masana sun ga ya dace, a sa famfo mai aiki da hasken rana a gaban dafin yana jan ruwa, yana zubo shi bisa matakala don iska ta kwashe abin da ke tashi, ya bi ta rairayi, ya ƙare a tankin gawayin masana'anta da aka sarrafa don tace dafi. Gawayin girki ba ya maye gurbinsa, kuma na masana'antar in ya ƙoshi shi ma ya zama shara mai dafi. Idan tushe ya fita kuma mai ne kawai, sau da yawa ƙasa da kanta takan ƙarasa aikin, da sharaɗin ana aunawa sau biyu a shekara, ƙarshen damina da ƙarshen rani, ana kuma karanta wa jama'a sakamako a fada. TCE da PFAS ba aikin gayya ba ne, na ƙwararru ne.

Rijiyar da aka haƙura da ita a cike ta da yumɓu a rufe da siminti, kada ta zama juji. Sabuwa a haƙa ta a gefen da ruwa ke fitowa. In burtsatse ce mai zurfi, dole a zuba siminti kewaye da bututun a duk tsawon ruwan sama, in ba haka ba an buɗe wa dafi hanya zuwa ruwan da bai taɓa kaiwa ba. Zurfi kuma ba shaidar lafiya ba ne. A Tibirin Gobir ta jihar Maradi, ba tamu ba, burtsatsen da aka fara sha a 1985 ya zo da sinadarin fuloraid fiye da kima, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a farga. Kowace sabuwar rijiya a auna ta kafin a ɗaura guga.

Wa zai biya?

Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta tsaya a kan cewa wanda ya gurɓata shi ke biya, kuma dokar 14 ga Mayu 2018 ta ɗora wa ofishin BNEE bin diddigin illar ayyuka ga muhalli. Amma doka na aiki ne da shaida, shaida kuwa ranar miƙa fili ake samunta ko a rasa ta. Ina roƙon masu gari da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi, daga Sukukutan har Gesheme: ran da za a mayar muku da fili, ku zaga shi ƙafa da ƙafa tare da masu tashi da ma'aikacin muhalli da na ruwa, ku ɗauki hoto, ku rubuta kowane tabon mai da kowane rami, ku ɗebi ruwan rijiyoyin kewaye a gaban kowa. Kada ku sa hannu sai takardar awo ta dawo daga Yamai. Kai kuma ɗan'uwa mai gona, ka bar filin nan ya huta bana, ko da maƙwabta sun riga ka shuka.